Yadin Farfesa

Shekara ashirin ina sayar da yadi a Kantin Kwari, don haka na ɗauka da ganin rigar mutum na gama karanta shi. Da wani asibiti a Sabon Gari ya sa ni cikin kwamitin ɗaukar babban likitan sashen gaggawa, a matsayin wakilin unguwa, sai na tafi da wannan ilimin nawa.

A baranda na tarar da wani mutum sanye da yadin da ko kyauta ba na bayarwa. Tausayi ya kama ni.

Na ce, "Likita, da wannan yadin ka zo neman aiki? Kada ka damu. Farfesan da zai jagoranci zaman, sai abin da na ce masa."

Ya ce, "Na gode, Alhaji."

Muna shiga ya wuce kujerar shugaba ya zauna. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, matso kusa, tunda sai abin da ka ce."

Likita huɗu aka tantance, ban ko yi tari ba.

Labarin ya riga ni komawa kasuwa. Har yau maƙwabtana sukan ɗaga yadi su ce, "Alhaji, duba mana, wannan zai ci intabiyu?"