Yadda Na Koma Mai Ƙeya

Ba zan taɓa mantawa da kaset ɗin nan ba, kuma ko na so mantawa mutanen Wara ba za su bar ni ba.

Lokacin Kebbi tana sabuwar jiha, ni kuma ina sabon mai kyamara a Yelwa. Irin ƙatuwar nan ce da ake saɓawa a kafaɗa kamar buhun gero. Biki, suna, saukar karatu, duk ni ne. Kaina ya kumbura har na fara tafiya a karkace ko babu kyamarar a kafaɗata, don dai kada wani ya wuce bai san ko ni wane ne ba.

Wata rana Malama Hajara ta aiko a kira ni. Ita ce mai gashin ƙashi a asibiti, wato mai koya wa waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye yadda za su sake motsa gaɓoɓinsu. Damuwarta ita ce yawancin marasa lafiyarta mutanen bakin ruwa ne. Kafin a kawo mutum sai an saka shi a jirgi, an ɗora shi a mota, da ƙyar yake zuwa sau ɗaya a wata, alhali motsin nan kullum ake so a yi shi. Sai ta yi dabara: a ɗauki motsin a kaset, mutum ya riƙa kallo a gida yana kwaikwayo.

Wanda za a fara gwadawa da shi wani tsohon masunci ne a Wara, Baba Garba. Hannunsa na dama ne ya shanye, kuma tun daga ranar ya daina zama a ƙofar gida. Ba ciwon ne ya hana shi ba, gaisuwa ce. An ce cewa ya yi, "Tun ina yaro dama nika ba mutane, ba ni fara ba su hauni da hurhura." (Hauni shi ne hagu a bakinsu.) Ga maƙwabcinsa yana da talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta, ya kuma yarda a riƙa kunna masa da hantsi.

Malama ta ce namiji take so ya fito a kaset ɗin, don tsohon ya fi sakin jiki. Ban bari ta rufe baki ba na ce ai ga ni. (Wata da watanni ina ɗaukar fuskokin mutane, tawa ba wanda ya taɓa gani a talabijin. Abin yana ci mini rai.) Ta kwana uku tana koya mini: a jawo hannu a kan tabarma, a buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, a matse ƙullin tsumma, a ɗaga har kafaɗa. Ta rubuta mini abin da zan faɗa a takarda, ta ja layi biyu a ƙarƙashin "hannun dama". Daga nan aka tura ta Birnin Kebbi wani kwas, ta ce in ɗauka, in ajiye har ta dawo ta duba.

Na kafa kyamara a tsakar gida, na sa shaddata ta Sallah, na karya hula. Da na gwada karanta takardar sai na ga duƙar da kai yana ɓoye mini fuska, na ninke ta na sa a aljihu. Na fuskanci kyamara sosai, na ɗaga hannuna na dama ina murmushi.

"Baba, ka ga wannan hannun? Na wannan gefen? Shi za ka riƙa ɗagawa. Yadda na yi, haka za ka yi." Daɗin muryata ya kwashe ni, na ƙara da nawa ilimin. "Ɗayan kuwa ka bar shi ya huta, kada ka kuskura ka wahalar da shi."

Jiran Malama? Ina. Washegari na ba wani direban Wara kaset ɗin. Da ta dawo na ce mata komai ya tafi daidai da takarda.

Bayan mako uku muka tafi duba shi, ni har da saɓa kyamara don in ɗauki nasarata. Muka tarar zauren maƙwabcin ya cika, ashe kullum haka ake taruwa kallona. Aka ce ga mutumin cikin akwati ya zo da kansa, aka shimfiɗa mini tabarma ta daban, matar Baba, Inna Kulu, ta aiko mini da soyayyen kifi. Na zauna ina gyaran murya kamar babban likita.

Aka tada janareta, na bayyana a talabijin, na ɗaga hannu. Baba Garba, yana zaune yana fuskantata, ya ɗaga nasa na gefen da ya ga na ɗaga, cak har sama. Ya buɗe yatsu, ya matse tsumma har jijiyoyi suka fito. Na ce a raina kai, ashe ni ma ina da baiwar warkarwa. Har na fara ɗauka.

Sai Malama ta ce a hankali, "Kashe kyamarar nan."

Na sauke ta, na duba da idona. Hannun hagu ne a sama, lafiyayyen. Na daman yana kwance a cinyarsa, yatsun sun fara ƙanƙancewa. Ni da nake fuskantarsa a talabijin, damata ta faɗo daidai hagunsa, kamar yadda yake a madubi. Mako uku cur bawan Allah yana horar da hannun da ba abin da ya same shi. A daidai lokacin kuma muryata ta fito daga akwatin, cike da isa: "Ɗayan kuwa ka bar shi ya huta."

Malama ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Durƙusawa ta yi ta ɗauki hannun Baba tana miƙar da yatsun, ta ce makonnin farko su ne masu tsada, kuma ba sa dawowa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji tsoro kuma, don in hannun nan ya sandare ni ne sila.

Ta ce, "Baba, ba ka lura ba?"

"Na lura, ɗiyata. Na ce ko sabon ilimi na, a ƙarhwahwa mai lahiya shi jawo ɗan'uwanai." Ya juyo gare ni, ba fushi a fuskarsa. "Kai ɗana, ka taɓa tuƙa jirgi?"

Na ce a'a.

"Shi ya sa. Mai koyon tuƙi baya shika zama, shi dubi ƙeyar na gaba, inda yas sa filafili nan shika sa nashi. Ko liman ba shi juyo muna da huska."

Zauren ya kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

A ranar muka sake ɗauka, a zauren, Malama tana riƙe da kyamarar da kanta. Ta zaunar da ni na ba ta baya, na karanta takardar kalma bayan kalma. Ta ce in cire hular ma, tana ɗauke hankalin mai kallo. Minti ashirin ba abin da ake gani sai hannuna na dama da ƙeyata, wadda a ranar na san ashe tana da tudu. Wannan kaset ɗin ne aka yi ta kwafa ana kaiwa ƙauyukan bakin ruwa.

Bayan wata biyar aiki ya kai ni Wara. Na hango Baba Garba a ƙofar gida, kan tabarma, cikin mutane. Na durƙusa na yi sallama. Ya ƙura mini ido kamar bai taɓa ganina ba.

"Juya in gani."

Na juya.

"Af, Mai Ƙeya na."

Sannan ya ɗago hannun dama. Yana rawa, yatsu biyu ba su buɗe ba, ya ɗauki lokaci kafin ya iso, ba wanda ya taya shi. Na kama shi da hannu biyu.

Tun daga ranar, in aka ba ni takarda mai layi biyu a ƙasa, karantawa nake yi. Kuma har yau in na shiga kasuwar kifi ba wanda yake gane ni, sai na wuce.