Yadda Za Ka Zaɓi Kwanrod Na Tsere Ba Tare Da Albasar Baba Ta Sani Ba

An sa ranar bikin abokinka Shafi'u, kai kuma ka rantse gaban samari cewa babur ɗinka zai riga na kowa daga Achida zuwa Wurno. To, zauna. In ka bi matakan nan, na lamunce maka sunanka zai shiga bakin mutane har Goronyo. Ban ce da alheri ba, amma zai shiga.

Mataki na ɗaya: San abin da kake nema

Kwanrod shi ne ƙarfen nan na cikin inji mai riƙe fistin, yana tura shi sama yana jawo shi ƙasa. Tsaya nan. Duk waɗanda sunka san fiye da haka tsoro ke kama su, matsoraci kuwa ba ya cin tsere.

Mataki na biyu: Raina na kamfani

Je garejin Mudathir bakanike. Zai ce maka, "Wanda babur ya zo da shi lahiya lau yake, don mi kaka so ka taɓa shi?" Yi masa kallon tausayi. Na kamfani an yi shi ne don masu ɗaukar buhun gero da masu kai iyali awo. Shekara da shekaru yana aiki, ko tari bai taɓa yi ba. Wannan ai rashin buri ne.

Mataki na uku: Yaba na kasuwa

Shi yana zuwa cikin kwali mai hoton damisa da harshen wuta, da rubutun da babu mai karanta shi duk faɗin Rabah. Ƙa'idar masana ita ce, in kwali ya fi ƙarfe kyau, kaya ne mai gudu. Tambayi mai shago garanti. In ya ce "Allah ya kiyaye hanya," garantin ke nan. Sai ka tambayi farashi, ka ji, ka mayar da kwalin a hankali da hannu biyu.

Mataki na huɗu: Tuna da injin ban-ruwan Baba

Yana can fadama, shi ma da kwanrod a cikinsa. A wurin injin na kamfani ne, a wurin babur ɗinka kuwa na kasuwa ne, ka ga ka haɗa biyun a ƙarfe guda. Gaskiya ne albasa ta fara yin kai, tana son ruwa, kuma ita ce abincin gidanku na bana. Faɗa wa zuciyarka aro ne. Jira ranar da Baba ya tafi ta'aziyya Kagara, ka kwance, ka zare, ka ɗaure injin, ka goge shi tas har ya fi da kyau.

Mataki na biyar: Kada ka saurari bakanike

Mudathir zai juya ƙarfen ya ce, "Wanga ba na babur ba ne. Ina kas samo shi?" Ɗauki kayanka ka nufi mai walda. A goge nan, a ƙara can. Abin da guduma ta sa ya shiga, dama wurinsa ne.

Mataki na shida: Tsere

Farkon tashi za ka ji daɗin da ba ka taɓa ji ba, wallahi har ina yi maka hassada. Kafin gonakin shinkafar Wurno kuma za ka ji ƙara kamar an fasa tulu, kwanrod ya huda gefen inji ya leƙo waje. Sauka da mutunci. Duk wanda ya tambaya, ka ce fetur ne ya ƙare, ko da baƙin mai yana zuba a takalminka.

Mataki na bakwai: Koma fadama

Za ka tarar da Baba ya dawo. Tun hantsi yake jan igiyar inji, tana zuwa sakwa-sakwa, tafin hannunsa ya yi ja, ganyen albasa ya kwanta. Shirya wa zagi, shirya wa sanda. Ba za ka samu ko ɗaya ba. Zai share gumi da hularsa, ya ga kai ne, fuskarsa ta saki.

"Alhamdu lillahi da kaz zo," zai ce. "Kai ad da sanin inji. Zo ka duba min mi ya same shi."

Nan ilimina ya ƙare. Ban taɓa ganin wanda ya san abin da ake cewa a wurin nan ba.

Sanarwa: Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai san babur ɗinka ba, bai taɓa ganin gonarku ba. In babanka ya zo nemana, za a ce masa na yi tafiya. Kai dai nemi bokiti biyu ka fara ɗibar ruwa daga rijiyar fadama, albasa ba ta jiran bayani.