Matashin da Ya Tsiro a Simsim

"Duk Gadarif ba wanda ya san laushi kamar ni!" Haka Nagoggo mai ɗinkin katifa yake buɗe rumfarsa kullum. Auduga, rimi, gashin tumfafiya, a bakinsa duk ƙannensa ne. Soso kuwa ya ce kayan ragwaye ne. Mu 'yan kasuwa muna ta gyaɗa kai, alhali a tabarma muke kwana.

Ana shirin shuka sai ga Alhaji Maliki, mai babbar gona a Simsim. Direbansa Sale ya rantse zai ajiye aiki, kujerar tarakta ta cinye masa mazaunai.

"Ya zol, bawan Allah, yi mini matashin kujera," in ji Alhaji. "In ya yi, aikin duk taraktocina naka ne."

Nagoggo ya daki ƙirji. Gida ya nufa ya dinga ɗura auduga a buhu, da anguryarta da komai.

"Malam, ba za ka gurje ta ba?" in ji matarsa Jummare.

"Ke! 'Ya'yan nan su ne tausa. Ilimi ne, ba tuwo ba."

Nagoggo ya kai matashi gona, Sale ya hau, ya sauko yana tafiya kamar agwagwa. "Wallahi tsakuwa ka ɗinka mini!"

"Bai jiƙa ba ne, ya akhi. Yayyafa masa ruwa."

Aka yayyafa. Sama ma ta taya su, ta kwarara masa nata. Matashi ya kumbura, ya yi nauyin ɗan maraƙi, Sale ya ƙi ko kallonsa.

Bayan 'yan kwanaki da labari ya iso kasuwa, gogan naka ya sa farar jallabiya ya tafi Simsim kare sunansa. Bai ko duba ba ya haye tarakta gaban leburori, ya zauna daɓas. Ruwa ya tsarto ta ko'ina. Kunya ta kama shi, amma baki bai mutu ba.

"Kun gani? Laushi tamam!"

Alhaji Maliki ya sunkuya, ya ƙura ido. Ta kowace kafar buhu ga 'yan korayen ganye sun leƙo, sun kewaye jallabiyar.

"Ya Nagoggo, ɗaga a hankali," ya ce. "Duk Simsim bana gonarka ce ta fara tsirowa, kuma ka zauna a kanta."

Aiki dai bai samu ba. Har yau in hadari ya haɗo, sai mun leƙa rumfarsa mu tambaye shi yaushe girbi.