Yadda Za Ka Gyara Littafin Bayanin Manhaja Ba Ka Yi Gumi Ba

Kai ɗan nan mai son a kira ka gwanin kwamfuta, matso. Ban yi boko ba, amma wata huɗu ina kallon yadda ake yi a tsakar gidana a Gashuwa. Bi matakan nan, wallahi sai an tafa maka. Muktar na Nguru ya bi su, an tafa masa.

1. Samu littafin da ya gagari kowa

Akwai manhajar da suke rubuta wa kwamfuta umarni a cikinta, da 'yar taga a gefe: ka tura layi ɗaya, ta ba ka amsa nan take. Littafin da ke koyar da ita kuwa, ko mai shi ba ya gane kansa. Tara jama'a ka ce, "Mu za mu gyara shi, mu mai da shi Hausa." Ka ce "mu". Lokacin "ni" bai yi ba tukuna.

2. Samu 'yar mutane mai haƙuri

Muktar ya samu Rahima, 'yata. Yaba mata sau ɗaya, zai kai ta wata guda.

3. Bar ta ta sha wahala

Duk shafin da ta rubuta, sai ta same ni ina gyaran kifi ta karanta mini. "Iya, bayan nan me za ki danna?" In na ce oho, ta goge ta sake. Wani shafin sau bakwai. Na ce, "Ke, ni kika mayar abin gwaji?" Ta ce, "Iya, in kin gane, kowa ya gane." Kai naka a nan, ka riƙa aiko mata da hoton babban yatsa a waya.

4. Taɓa wani abu

Ba a sa suna a kan abin da ba a taɓa ba, masu ilimi suna da kunya. Nemo layin da ya fi sauƙi ka cire. Muktar ya cire wanda ya ce a fara haɗa tagar da manhajar kafin a tura komai. "Wannan ai ko jariri ya sani." Don ni aka rubuta layin nan, a nan na maƙale. Tunda hannunka ya saba da cirewa, haɗa da sunanta, ka sa naka.

5. Kira taro

A Nguru, mutum talatin, da babbar riga. Kowa ya bi littafi, kowa ya danna, taga ta yi tsit kamar gidan makoki. Ka ce laifin sabis ne. Sulale bayan gini ka kira ta: "Ƙanwata, me ake dannawa da farko?" Da Muktar ya kira, ina kusa da ita na ji. Na ce, "Kashe wayar nan!" Ta faɗa masa. Tarbiyyar da na ba ta ce ta cuce ni. Koma ciki ka ce yanzu ka tuno.

6. In ta nemi sunanta

Rahima ta nemi aiki, aka ce ta nuna abin da ta taɓa rubutawa kafin Juma'a. Masu ɗaukar aikin suka buɗe littafi, sunan Muktar suka gani. In ta roƙe ka, sunkuyar da kai ka ce, "Aikin al'umma ne, lada ake nema." Kada ka bayyana yadda aka yi rabon, kai suna, ita lada.

Gargaɗi

Ni dai shawara na bayar, abin da ya biyo baya ba da ni ba. In ka dawo gida ranar Laraba ka tarar wata tsohuwa ta sauka daga motar Gashuwa da tabarmarta da butarta, tana ɗakin mahaifiyarka Hajiya Zahra suna shan fura, ta rantse ba ta tashi sai ka buɗe kwamfuta ka mayar da sunan yarinya, mahaifiyarka ta karanta shi da ƙarfi, kada ka zo Gashuwa nemana da ƙorafi. Ina cikin ɗakin.