Yaron da ke Kallon Ƙofata

Shekara biyu ina farautar tsohon kwabon Rumawa mai hoton wani sarkinsu ɗan yaro. Da na samu, na jingina shi a kabad ɗin gilashi a gidana na unguwar Al Muntazah, ina bugun ƙirji cewa injiniya irina ba ya camfi.

Amma kullum na dawo daga aiki, sai in tarar fuskar yaron ta juyo tana kallon ƙofa. Rana ta huɗu na ji shessheƙa a falo.

Na kira Malam Isa, mutumin Kumasi, ya yi ruƙiyya. Ya saurara, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki. Tsit.

"Alhaji, khalas, magana ta ƙare. Ita ke shessheƙar, ita ke girgiza kabad ɗin har kwabon ya juya."

Har yau a masallaci abokai kan rage murya su ce, "Injiniya, yaya Yarima ya kwana?"