Yadda Za Ka More Zama a Lardin da Ya Zo na Ɗaya

Idan wata jarida ta jera lardunan ƙasarku bakwai bisa daɗin rayuwa, ka duba ka ga naku a sama, to ga hanyar cin moriyar abin. Tabbas tana aiki. Maƙwabcina Talantbek, direban tasi, ya bi ta daki-daki, kuma a kan idona aka yi komai.

1. Lambar kawai za ka duba

Yadda aka auna da waɗanda aka tambaya, bar wa masu tabarau. Ranar da labarin ya fito, famfon gidan Talantbek ya kwana biyu bai kawo ruwa ba. Matarsa Gulzat ta shigo da bokiti biyu tana haki.

"Wai mu ne na ɗaya?"

"Ga shi a rubuce."

"To na ɗaya, karɓi ɗaya."

2. Nemi wanda ya zo na ƙarshe

Na ɗaya ba ya daɗi sai da na bakwai a kusa. Talantbek ya taki sa'a: yayan matarsa, Esenbek, makiyayin dawaki ne a lardin kan duwatsu, wanda ya zo ƙarshe. Shekara da shekaru yana kiran Talantbek "mai sayen madara a kanti". Nan take Talantbek ya buga masa waya.

"Yaya, ya sanyi? Na ga sakamako. Sai haƙuri."

"Wane sakamako?"

"Asibiti, makaranta, hanya, duk mun ba ku rata. Wallahi tausayinku nake ji."

Esenbek ya ce, "Asibiti ka ce?"

In ka ji irin wannan tambayar, kada ka tsaya tunani. Talantbek bai tsaya ba.

3. Ƙara gishiri

Kowace safiya ka tura hoton jaridar ga dangi. Ka rufe da cewa ƙofarka a buɗe take. Ba mai ɗaukar wannan da gaske.

4. Tarbi baƙi

Sanyi na kamawa Esenbek ya sauka da matarsa, da yara uku, da tsohuwarsu mai ciwon gwiwa, da tsarabar naman cinyar doki a buhu.

"Mun zo mu ga na ɗayan nan," in ji shi.

A wurinmu ba a tambayar baƙo ranar tafiya, balle yayan mata. Ɗaki biyu ne a gidan. Talantbek ya ɗauki bargonsa ya koma mota.

5. Kare matsayinka

In an ɗauke wuta, ce gyara ake yi. Tsohuwar, surukar Talantbek, ta wuni a layin asibiti, ta dawo ba ta ga likita ba.

"Ɗana, wannan layin ne ya zo na ɗaya, ko akwai wani?"

"Mama, ai tsawon layi shi ne shaidar asibiti mai kyau."

Esenbek ya kurɓi shayi. "Gaskiyarka. Mu can ko layin ba mu da shi." Washegari ya sa yaransa a makarantar unguwa.

6. Kada ka janye maganarka

Gulzat ta tare mijinta a bakin murhu. "Je ka gaya masa jaridar nan shirme ce."

"Esenbek zan gaya wa haka?"

"To ci gaba da kwana a mota."

Ya je ya tsaya a kansa, ya gyara murya. Esenbek ya ɗago ido yana jira.

"Yaya... a ƙaro shayi?"

Haka ake so. Mutunci ya fi katifa.

7. Canza iska

Da sanyi ya yi nisa, Esenbek ya ce dawakinsa na hannun maƙwabta, da ko za a samu na gida ya je ya duba su. Bai rufe baki ba Talantbek ya karɓi makullin gidan Esenbek. Gulzat ta riga shi shiga mota.

Yanzu suna can lardi na bakwai, ɗaki huɗu su biyu, ga ruwa na gudu a ƙorama kusa da gidan. Da na kira shi, ya ce ya yi ƙiba, yana barci da ƙafa a miƙe. Sai ya rage murya.

"Don Allah kada ka gaya wa kowa. In 'yan jaridar suka zo tambaya, cewa zan yi abin ya ƙara lalacewa."

Sanarwa: duk wanda ya bi matakan nan ya rasa gadonsa, ko gidansa, ko lardinsa, babu ruwana, kuma kada ya zo wurina neman masauki. Jiya ma Esenbek ya tsaya a ƙofata yana kallon ɗakina na sama, ya ce yana da ƙane.