Uban Tsafta da Tukunyar Gas

Duk faɗin unguwar babu mai ƙaunar iska mai kyau kamar Uban Tsafta. Shi ne na farko da ya kai motarsa aka ɗaura mata tukunyar gas a but, wato ma'ajiyar kaya ta baya, ya kuma manna sanarwa a gilashin baya don kada wani ya wuce cikin rashin sani. Tun daga ranar, in mota ta gifta da hayaƙi sai ya toshe hanci da hankici, ya raka ta da ido.

"Ku 'yan fetur tausayi kuke ba ni," yakan ce wa maƙwabta a shagon aski. "Duniya ta yi gaba ta bar ku kuna tari. Gas ba ya hayaƙi, kuma tsoronsa jahilci ne tsantsa."

Kujerar shugaban kwamitin sauya motocin unguwa yake nema. Bai faɗa ba, amma tela ya riga ya gwada shi don ɗinkin ranar hawa kujerar.

Gaskiya ne ya daina ajiye motar a gindin tagar ɗakinsa, ya koma ajiye ta a ƙofar maƙwabci. Ya ce can ta fi samun inuwa. Gaskiya ne kuma maɓallin da ke mai da mota daga fetur zuwa gas bai taɓa ganin yatsarsa ba. Ya ce inji sai an lallaɓa shi.

Ranar buɗe sabon gidan gas, 'yan kwamiti suka roƙe shi ya zama na farko da za a cika wa tukunya a bainar jama'a. Ya iso da maiɗakinsa a gefe, ya fito yana gyara babbar riga, ya karɓi makirufo.

"'Yan uwa, yau za mu binne tsoro..."

Mai zuba gas ya jona tiyo, iska ta yi tsuwwa. Da aka waiwaya babu mai jawabi. Can tsallaken titi aka hango hularsa a bayan wata katanga, muryarsa na fitowa daga lasifika: "...har abada."

Maiɗakin nasa kuwa ko motsi ba ta yi ba, tana zaune a mota tana gyaran farce. Da aka gama ta leƙo ta taga.

"Baban yara, an ce ta cika. Za ka zo ka ja, ko in ja?"

Ita ta ja. Kwamiti bai sha wahalar zaɓe ba, ita ya ba kujerar. Yanzu in za a je taro ita ke tuƙi, shi kuwa yana biye a tasi, wai don ya riƙa duba ko motar na hayaƙi.